Tsufa A Dilimi: Dattawan Jos Tsakanin Zumuncin Unguwa Da Alkawarin Abuja

Da asubahin hunturu, kafin rana ta leƙo ta bayan duwatsun Jos, sanyi kan sauka a unguwar Dilimi irin wanda mutumin Kano ko Sakkwato ba ya gaskatawa sai ya kwana a garin. Birnin yana zaune a tsayin kimanin mita 1,200 daga matakin teku, kuma a watannin Disamba da Janairu ma'aunin zafi kan gangaro kusa da digiri 10 cikin dare. A wannan lokaci ne ake ganin dattawan unguwa suna fitowa sallar asuba cikin rigunan sanyi na gwanjo, wasu suna dogara sanda, wasu jika na riƙe da hannunsu. Idan hantsi ya dubi ludayi sai su dawo kan benci a bakin shago, su juya wa rana baya, suna jiran ɗumi ya saki gwiwa.

Wanda ya zauna tare da su na ɗan lokaci zai tarar da tarihin birnin a kan benci guda. Akwai wanda mahaifinsa ya yi wankin kuza, akwai tsohon direban babbar mota da ya haddace hanyar Bauchi da Maiduguri, akwai bakaniken da idonsa ya daina ganin noti, ga kuma manomin lambu da ƙugu ya hana shi sunkuyawa. A cikin gidaje akwai gyatumai da suka shekara talatin ko arba'in suna tuyar masa da ƙosai, da kuɗin suka aurar da 'ya'ya. Mafi yawansu sun yi aiki tun ƙuruciya har ƙarfi ya ƙare, amma sunansu bai taɓa shiga takardar albashi ba. Kusan duk tanadin da Najeriya ta yi wa tsufa kuwa ta kan takardar albashi yake bi.

A shekarun baya-bayan nan Abuja ta kafa dokoki da hukumomi da sunan tsofaffi. Duk da haka, abin da ke ciyar da tsoho a Dilimi, ya saya masa magani, ya kai shi asibiti, har yanzu shi ne ɗa da 'ya, da maƙwabci, da abokin sana'a, da masallaci ko coci. Waɗannan hannaye sun gaji, kuma taimakon hukuma bai san hanyar da zai bi ya same su ba.

Garin da kuza ta kafa

Dilimi sunan kogi ne kafin ya zama sunan titi da unguwa. Kogin ya ratsa Jos ya nufi arewa maso gabas zuwa ƙasar Bauchi, inda ruwansa ke zama kogin Bunga da na Jama'are, daga bisani ya haɗu da na Haɗejiya ya nufi Tafkin Chadi. A gaɓarsa ne Turawan kamfanin Neja suka tabbatar da yawan kuza a farkon shekarun 1900, suka kafa sansani a Naraguta. Jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, layin gabas ya biyo baya a 1927, leburori da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa daga Kano, Katsina, Bauchi, Borno da kudancin ƙasa, suka zauna kusa da Berom, Anaguta da Afizere. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944, gwamnatin mulkin mallaka ta tilasta wa dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin kuza, da dama sanyi da cuta suka kashe su.

Leburan kuza ana biyansa ne gwargwadon yinin da ya yi ko nauyin abin da ya wanke. Da sana'ar ta fara ja da baya a shekarun 1970, sannan farashin kuza ya rushe a kasuwar Landan a 1985, abin da ta bar wa yawancin ma'aikatanta shi ne manyan kududdufai da ramuka. 'Ya'yansu suka koma tuƙi, kanikanci, walda, cinikin taya da kayan gyaran mota, wanda titin Dilimi ya yi suna da shi, wasu kuma suka kama noman rani a bakin kogi da kududdufan kuza suna kai kayan gwari kasuwar Farin Gada.

Wannan tarihi yana da tasiri kai tsaye ga tsufan mutanen yau. A ƙauyen Hausa na da, idan maigida ya tsufa 'ya'yansa suna noma gandu, hatsi ya shiga rumbu, shi kuma ya zauna a zaure ana kawo masa tuwo. Dattijon Dilimi a Jos aka haife shi, sau da yawa mahaifinsa ma a nan aka binne shi. Ba shi da gandu, ba shi da ƙauyen da zai koma idan gari ya ƙi shi. Hatsinsa, gawayinsa, har ruwan da zai yi alwala da shi a lokacin rani, duk da kuɗi ake samunsu.

Hannayen da ke riƙe da su

Hannu na farko iyali ne. Ɗan da ke Abuja ko Kaduna ko Legas yakan turo kuɗi ta waya, jika ya je wajen mai POS ya karɓo. Aikin jinya kuwa, wato wanka, wanki, dafa abin da tsoho zai iya taunawa da tashi cikin dare, kusan kullum a kan mace yake faɗawa, 'ya ko suruka ko matar da ita ma tsufan ya kama. Ba wanda ya koya mata yadda ake juya marar lafiyar da ɓarin jikinsa ya shanye don kada kwanciya ta yi masa gyambo, kuma ba wanda ke karɓarta ta huta. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, hauhawar farashi ya zarce kashi 30 cikin 100 a 2024, kuɗin da ɗa ke turowa ya daina kai gida ƙarshen wata, shi kansa ɗan yana raba taro da sisinsa tsakanin kuɗin makarantar yara da maganin Baba.

Hannu na biyu sana'a ce. A garejin kanikawa da rumfunan 'yan taya akwai tsohuwar al'ada ta maigida da yaransa. Wanda ya koyar da mutum goma ko ashirin ba a kore shi daga gareji don ƙarfinsa ya ƙare. Ana ajiye masa kujera, a nemi shawararsa idan inji ya gagara, da yamma a damƙa masa na goro. Ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa sukan yi karo-karo idan ɗan uwa ya kwanta ciwo ko ya rasu, haka ma ƙungiyoyin garuruwa na 'yan kasuwar Ibo da suka daɗe a cinikin kayan mota. Mata kuma suna da adashe. Sai dai adashe na mai zubi ne, ranar da tsohuwa ta kasa zubawa, ranar ta fita daga cikinsa.

Hannu na uku addini ne. A Jos aka kafa ƙungiyar Izala a 1978, kuma 'yan agajinta, da na Jama'atu Nasril Islam da na Fityanul Islam, su ne ake kira idan ana bukatar ɗaukar marar lafiya ko shirya jana'iza. Zakka, zakkar fidda kai, abincin buɗa-baki da naman layya suna isa gidajen gajiyayyu ta hannun limamai da masu unguwa. Filato ba ta cikin jihohi 12 da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci, don haka rabon zakka a hannun masallatai da ƙungiyoyi da ɗaiɗaikun attajirai yake, saɓanin Kano, Sakkwato da Zamfara inda gwamnati ta kafa masa hukuma. A ɓangaren Kirista, majami'un COCIN da ECWA, waɗanda dukansu hedikwatarsu na Jos, suna da zumuntar mata da ke ziyartar tsofaffi da gwauraye, cocin Katolika kuma yana da ƙungiyar Saint Vincent de Paul mai kai wa matalauta taimako har gida.

Wannan tsari ya riƙe mutane shekara da shekaru, amma yana da giɓi. Yawancinsa na lokaci ne: Ramadan da Sallah da Kirsimeti su wuce, hawan jini kuwa yana neman magani kowace safiya. Haka kuma ya dogara ga a ga mutum. Dattijon da ke fitowa masallaci ana tunawa da shi, wanda ciwo ya kwantar a ƙuryar ɗaki sai a hankali a manta. Tsohuwar da ba ta haihu ba, ko wadda 'ya'yanta suka riga ta, ita ce mafi rauni. Idan ciwon mantuwa ya kama ta, ta fara surutai ko fita ba ta san inda za ta ba, a wurare da dama na ƙasar nan maita ko aljanu ake fara ambata kafin a tuna da likita. Ga kuma kunya: dattijon da ya saba bayarwa yakan gwammace ya kwana da yunwa da ya buɗe baki ya roƙi yaron da ya raina.

Abin da rikici ya cinye

Tsohon Jos ya ga abin da ya rage masa jari fiye da tsufa. Rikicin Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010 sun ci rayuka da gidaje da shaguna na Musulmi da Kirista. Rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a Disamba 2001 ya ambaci ƙauyen Dilimi da ke bayan gari, wanda shi ma sunan kogin ya ɗauka, cikin wuraren da aka yi ɓarna mai yawa. A Fabrairu 2002 babbar kasuwar Taminus ta ƙone, aka shafe fiye da shekara ashirin ba a sake gina ta ba. Ɗan kasuwa ba ya ajiya a asusun fansho, ajiyarsa tana cikin kayan shago da ɗakunan haya. Wanda ya rasa su yana da shekara 50, a yau yana cikin shekarunsa na 70 da hannu biyu babu komai.

Rikicin ya kuma raba gari. Maƙwabtan da suka shekara talatin suna musayar abincin Sallah da na Kirsimeti suka sayar da gidaje, kowa ya koma cikin nasa. Saurayi yakan yi sababbin abokai a sabuwar unguwa, tsoho kuwa abokan zamansa su ne dukiyarsa, kuma ba a sake tara irinsu. A unguwannin da jama'a suka cunkusu, gini ya gangara har bakin ruwa. A Yuli 2012 ambaliya ta afka wa Rikkos, Gangare da Unguwar Rogo cikin dare, mutane da dama suka rasu. A irin wannan dare, wanda ba ya iya gudu shi ne ke cikin haɗari mafi girma.

Daga kemis zuwa Lamingo

Cututtukan tsufa a Dilimi su ne na ko'ina: hawan jini, ciwon suga, ciwon gaɓoɓi, yanar ido, matsalar fitsari ga maza, da shanyewar ɓarin jiki. Sanyin Jos yana ƙara wa tari da ciwon ƙirji ƙarfi, kuma kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa da taga yana iya kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Faɗuwa a banɗaki ko a kan dutsen lungu takan karya ƙugu, daga nan kwanciya ta fara.

Asibitin farko na yawancin tsofaffi shi ne kemis. Mai kemis ya san su, yana ba su bashi, yana sayar musu da ƙwaya huɗu ko biyar gwargwadon abin da ke hannu. A nan haɗarin yake. Maganin hawan jini ba a shan sa sai an ji ciwon kai, kullum ake sha, wanda ya sha na kwana biyar ya huta na goma yana kusantar shanyewar jiki ne. Maganin kashe zafin ciwo da tsofaffi ke sha barkatai saboda gwiwa kuma yana illa ga ciki da ƙoda. Da darajar naira ta faɗi, kamfanin GSK kuma ya sanar a Agusta 2023 cewa zai daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Najeriya, farashin magunguna da dama ya tashi, rabin magani ya zama ruwan dare.

Jos ba ta rasa manyan asibitoci ba. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, wanda ya koma mazauninsa na dindindin a Lamingo, akwai Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, akwai kuma Jankwano, tsohon asibitin mishan da ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham. Amma zuwa Lamingo ga tsohuwar da ba ta iya tafiya yana nufin shatar Keke Napep, tunda an haramta acaba a cikin Jos da Bukuru tun zamanin Gwamna Jonah Jang, yana kuma nufin ɗa ya rufe shago yini guda, a biya kuɗin kati, a biya na gwaji, a bi layi. Asibitocin sha-ka-tafi da ke kusa da gida kuwa an fi tsara su don awon ciki, haihuwa da rigakafin yara. Fannin likitancin tsofaffi sabo ne a Najeriya: cibiya ta farko da aka keɓe masa, mai ɗauke da sunan Cif Tony Anenih, a asibitin koyarwa na Ibadan aka buɗe ta a 2012.

Abin da ke rubuce

Sashe na 16 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa kula da tsofaffi da fansho cikin abubuwan da gwamnati za ta yi ƙoƙarin samar wa kowane ɗan ƙasa, sai dai sashen yana cikin babi na biyu, wanda ba a iya tilasta wa gwamnati aiki da shi ta hanyar kotu. A Janairu 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, amma sai a 2021 aka naɗa mata shugabanni, Dakta Emem Omokaro ta zama babbar darakta ta farko. A shekarar ce kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da Manufar Ƙasa kan Tsufa.

Ta fuskar lafiya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ke samun aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, rabinsa kuma don biya wa marasa ƙarfi inshora ne. Dokar hukumar inshorar lafiya ta NHIA ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma kafa asusun masu rauni, inda aka ambaci tsofaffi tare da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu ciki da naƙasassu. Jihar Filato ta kafa tata hukumar, PLASCHEMA, a 2019 a zamanin Gwamna Simon Lalong, kuma ta hannunta ne ake yi wa marasa ƙarfi rajista a jihar.

Ta fuskar fansho, dokar 2004 da aka sabunta a 2014 ta ɗora wa ma'aikaci zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, mai ba shi aiki ya zuba kashi 10. Masu asusun ajiyar ritaya sun haura miliyan 10, a ƙasar da Hukumar Ƙididdiga ta ce sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki suna sana'o'in da ba sa cikin tsarin aiki na hukuma. A Maris 2019 aka ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho don masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa, inda a lokacin aka ba mai zubi damar cirar kashi 40 idan bukata ta taso, a ajiye masa kashi 60 don tsufa. Tsarin zai amfani yaron gareji mai shekara 25 idan ya shiga. Maigidansa mai shekara 70 lokacin zubi ya riga ya wuce shi. Abin da ya rage masa shi ne tallafin kuɗi na gidajen da ke cikin rajistar talakawa ta ƙasa, kamar naira 25,000 a wata har wata uku da aka sanar a Oktoba 2023, wanda na gida ne baki ɗaya kuma na ɗan lokaci.

Ƙofar da ba ta buɗuwa

Tsakanin waɗannan dokoki da ƙofar gida a Dilimi akwai shingen takarda. Kusan kowane tallafi yanzu yana neman lambar NIN, da asusun banki, da lambar waya da aka haɗa da su. Tsohuwar da ta shekara arba'in tana wanki da tuya, ko bakaniken da man inji ya cinye masa fata, sau da yawa na'ura ba ta karanta zanen yatsunsu. Mutumin da aka haifa a 1950 ba shi da takardar haihuwa, shekarunsa ƙiyasi ne, kuma idan ranar da aka rubuta a katin zaɓe ta saɓa da ta banki sai a ce ya je ya gyara, gyaran kuma yana buƙatar kuɗi da zirga-zirga. Wayar da saƙon kuɗi ke shiga a hannun jika take, lambar sirri ma shi ya sani. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, irin waɗannan mutane ne suka fi wahala, domin duk cinikinsu da sadakarsu kuɗi ne a hannu.

Dokokin ma ba su yi ittifaƙi kan wane ne tsoho ba. Manufar ƙasa tana farawa daga shekara 60, dokar cibiyar dattawa kuma daga 70 take kallo. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe an yi ta a 2006, lokacin da aka samu mutum 429,300 a Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, kuma da wannan tsohon lissafi ake ci gaba da ƙiyasi. A Jos akwai ƙarin wani shinge, wato takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda aka daɗe ana taƙaddama a kanta tun kafa Jos ta Arewa a 1991. Duk shirin da ya sa wannan takarda cikin sharuɗɗansa ya jawo tsohuwar rigimar siyasa cikin maganar maganin hawan jini. Shirin da ya tsaya kan inda mutum yake zaune ya kauce mata.

Yadda wasu suka yi

Ƙasashen da suka fi Najeriya ƙarancin arziki sun warware matsalar takardar albashi ta hanyar ajiye ta gefe. Lesotho ta fara biyan duk wanda ya kai shekara 70 fansho a 2004. Zanzibar ta bi sahu a 2016 da shilin 20,000 a wata, Kenya ta fara nata a 2018. Babban sharaɗin shi ne shekaru da zama ɗan ƙasa, ba takardar albashi ba. A cikin gida, Jihar Ekiti ta fara ba 'yan shekara 65 zuwa sama marasa galihu naira 5,000 a wata a 2011 a zamanin Gwamna Kayode Fayemi, Osun kuma ta yi irinsa a zamanin Rauf Aregbesola. Shirin Ekiti ya yi ta tangal-tangal da sauyin gwamnati, abin da ke nuna cewa tallafin da ba shi da tabbataccen gurbi a kasafin kuɗi yana tafiya tare da wanda ya kawo shi. Waɗanda suka haura shekara 60 a Najeriya kimanin kashi 5 cikin 100 ne na jama'a, 'yan 70 zuwa sama kuwa sun fi haka ƙaranci. Lissafin abin da zai ci ba ya fi ƙarfin ma'aikatar kuɗi, kuma yin sa yanzu ya fi sauƙi da lokacin da matasan yau za su tsufa.

Abin da ke hannun ma'aikacin tarayya

Kafin a kai ga fansho na kowa da kowa, akwai matakan da ba sa buƙatar sabuwar doka. Na farko, rajista ta je wurin tsoho. Ma'aikatan NIN da na PLASCHEMA za su iya zama a harabar masallacin Juma'a, a coci ranar Lahadi, ko a ƙofar mai unguwa, sannan a bi waɗanda ba sa fita har gida, tare da hanyar tantancewa ga wanda yatsansa ba ya karantuwa. Limamai, shugabannin zumuntar mata da na ƙungiyoyin sana'a sun riga sun san wace tsohuwa ce ba ta da kowa. Jerin sunayen da jami'i zai shafe wata uku yana nema yana cikin kansu.

Na biyu, asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa ya keɓe rana ɗaya a mako don awon jini da suga da bayar da maganin wata guda, ta yadda Lamingo za ta zama wurin zuwa idan abu ya yi tsanani. Shirin ma'aikatan lafiya na cikin al'umma da aka ƙaddamar a 2018 don bin mata da yara gida-gida zai iya ɗaukar na'urar awon jini ya leƙa ɗakin Kaka a gidan da ya riga ya shiga. Masu kemis, tunda su tsofaffi ke fara zuwa wa, horar da su kan lokacin da ya wajaba su tura mutum asibiti ya fi yin kamar ba su nan. Matan da ke jinya a gida kuma suna buƙatar horo na yini ɗaya ko biyu kan ɗaga marar lafiya, abinci da alamun haɗari. Filato ta taɓa samun murya a wannan fage, domin ɗan jihar, Farfesa Nentawe Yilwatda, ya riƙe Ma'aikatar Jinƙai daga 2024 zuwa 2025.

Na uku ya shafi gidan ma'aikacin kansa. Inshorar lafiya ta ma'aikatan tarayya tana ɗaukar ma'aikaci, matarsa ko mijinta, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Iyaye ba sa ciki, amma ana iya ƙara su da biyan wani kuɗi, ko a yi musu rajista a tsarin ɗaiɗaiku na NHIA ko na hukumar jiha. Da yawa daga masu tura kuɗin magani Jos duk wata ba su taɓa tambayar wannan ba. Gyara takardun Baba da Inna tun suna iya tafiya, sanya ƙarfen dafawa a banɗaki, da yarjejeniya tsakanin 'yan'uwa kan wanda zai karɓi mai jinya ta huta, abubuwa ne da hutun mako guda ya isa a yi su.

Ma'aikacin tarayya yana ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Da yawa daga cikin waɗanda ke rubuta takardun shirye-shirye a sakatariyar tarayya a yau gidajensu na ritaya suna Jos, Kaduna, Zariya ko Kano, a unguwanni irin Dilimi. Asibitin mazaɓar da suka sa wa hannu a kasafin bana shi ne wanda za su je awon jini nan da shekara goma, kuma sanyin Disamba zai same su a kan benci ɗaya da bakaniken da bai taɓa karɓar albashi ba.